Godiya bayan arba'in

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na nan Jos da na nesa.

Alhamdulillahi, ni da jaririyata mun yi arba'in lafiya. Tun ranar suna nake son miƙa wannan godiya, sai yanzu dogon zama ya daina yi mini wuya.

Da yawanku kun ji an yi mini aiki, amma ba kowa ya san dalili ba. A awon sati na 36 hoto ya nuna yarinyar a zaune take, kai a sama. Likitar da ke duba ni a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ta kwantar mini da hankali, ta ce a cikin mata 100 da suka shiga watan haihuwa akan samu uku ko huɗu da jaririnsu bai juya ba. An gwada juya ta da hannu ta saman ciki, dabarar da kan yi nasara a wajen rabin waɗanda aka yi wa, tawa dai ta ƙi. Likitar ba ta ɓoye mini ba cewa wasu matan kan haifi irin wannan da kansu in akwai ƙwararren hannu a kusa. Sai dai tawa ƙafa ce a gaba, kuma a wannan kwanciyar cibiya na iya riga jariri saukowa ta matse, ko jiki ya fito kai ya maƙale. Aka sa mana ranar tiyata a sati na 39. Likita, Allah Ya saka miki da alheri bisa gaskiyar da kika faɗa mini ba tare da tsoratarwa ba.

Ina gode wa wanda ya yi mini allurar baya, idona biyu na ji kukan 'yata. Ina gode wa nas ɗin da ta tashe ni tsaye washegari ina hawaye, tana cewa tattakin nan shi ke hana jini daskarewa a ƙafa. Ita ta koya mini danne ɗinkin da filo in tari ya zo, da shayarwa a kwance ta gefe don kada yarinya ta hau ciwon.

Maigidana ya sa hannu a takarda ba musu. Ƙannensa kuwa da asuba suka taso daga Anguwar Rogo zuwa asibitin a Lamingo cikin sanyin nan, don a ajiye mini jini. Na gode ƙwarai.

Amma babbar godiyata ta Hajiya ce, mahaifiyar maigidana. Tun cikin yana wata bakwai ta tanadi itace da kanwa da ganyen darbejiya, don ita ta yi wa duk 'ya'yanta wankan jego. Ranar sallama nas ta zaunar da ita ta ce ba tafasasshen ruwa, ba daddanna ciki, kunun kanwa kuma gishirinsa kan hau da jini ya wahalar da zuciyar mai jego. Na zaci ranta zai ɓaci. Sai ta ce, "To 'yata, abin da suka ce shi za a yi." Kullum da safe ta sirka ruwa ta gwada da gwiwar hannunta, bayan wanka ta busar da wurin ɗinkin da tsabtataccen ƙyalle, ta duba ko ya yi ja ko yana ruwa. Ta koma dama mini kunun gyaɗa, ga farfesun kaza, ga gwanda don bayan gida ya zo da sauƙi. Ko bokiti ba ta bari na ɗaga ba. Da wata 'yar barka ta ce matan yanzu ragwaye ne, kafin in buɗe baki Hajiya ta ce wadda aka yanka don ɗanta ya rayu ba raguwa ba ce. Hajiya, Allah Ya ƙara girma, Ya sa ki gama lafiya.

Ban manta da maƙwabciyar gadona ba, wadda nata yaron ya zo a zaune ta kuma haife shi da kanta. Ta riga ni miƙewa, amma ita ma ta sha fama da ɗinkin ƙari, zama sai a karkace. Duk da haka ita ke miƙo mini jaririya in ta yi kuka cikin dare.

Mun koma asibiti a sati na 6 bayan haihuwa, ɗinki ya warke. An duba ƙugun yarinyar, don masu zuwa a zaune sun fi samun gocewar ƙashin ƙugu, nata lafiya lau. An ce in huta kamar shekara biyu kafin wani ciki, kuma ba dole ba ne na gaba ma ya zama tiyata.

Waɗanda suka zo barka suka tarar ina barci, ku yafe ni. Masu aiko abinci daga Gangare da Rikkos, kulolinku suna nan a wanke, ƙanwata za ta zagayo da su ranar Asabar in sha Allah. Allah Ya bar zumunci, Ya sauki masu ciki lafiya.