Ɗan Gidan Wa Ne Kai? Abin da Na Koya Daga Zaɓen Asali a Wasannin Kwamfuta

A shekarar da na gama karatu ina zaman jiran aiki a gidanmu da ke Jekadafari cikin garin Gombe, na sayi wata tsohuwar kwamfutar hannu a wurin wani mai gyara, kuma a cikinta na tarar da wasan Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a watan Nuwamba na 2011. Wasan yana farawa ne da kai a ɗaure cikin keken doki tare da wasu fursunoni, ana kai ku garin Helgen domin a fille muku kai. Da aka sauke ku, sai sojan da ke riƙe da takardar sunaye ya duba bai ga naka ba, ya ɗago kai ya tambaye ka ko kai wane ne. A nan ake ba ka zaɓi tsakanin ƙabilu goma. Na yi kusan awa guda a wannan wuri ban matsa gaba ba, ga shi an ɗauke wuta, batirin kwamfutar yana ta raguwa, amma na kasa yanke shawara.

Da farko lissafin ɗan kasuwa na yi, domin kowace ƙabila tana da abin da aka fifita ta da shi. Mutanen Nord sanyi ba ya yi musu illa sai rabin abin da yake yi wa wasu, mutanen Dunmer haka suke da wuta, su kuwa Argonian masu siffar ƙadangare suna iya numfashi a ƙarƙashin ruwa. Amma duk lissafin nan bai hana ni ɗaukar Redguard ba, mutanen ƙasar Hammerfell mai hamada, baƙaƙen fata masu lanƙwasassun takubba, kuma dalilina bai wuce cewa su ne suka fi kama da mutanen da nake gani a unguwarmu ba. Wannan dalili ne na gaske, kuma ban ga abin rainawa a cikinsa ba, domin wanda zai yi watanni yana yawo da wani jarumi yana da haƙƙin ya so ya ga fuskar da ya saba da ita.

Bayan 'yan makonni sai na lura cewa fifikon da na yi ta aunawa ya narke, saboda a Skyrim kowa yana iya koyon kowace sana'a idan ya dage da yin ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne birnin Windhelm, inda aka tattara mutanen Dunmer a wata tsohuwar unguwa, aka bar Argonian suna dako a bakin tashar jiragen ruwa a wajen ganuwa, su kuma fataken Khajiit masu siffar kyanwa suke kafa tantunansu a bayan gari domin ba a yarda su shiga ba. Sai na sake fara wasan a matsayin Khajiit domin in ɗanɗana wannan wariya da kaina. Na isa ƙofar birni na shige babu wanda ya tare ni, na sayi gida, na yi ciniki da kowa, in ban da wata magana ta raini da wani mai gadi yakan jefa jefi-jefi. Abin ya sage mini gwiwa, domin an gaya mini labarin wariya amma ba a bar ta ta taɓa ni ba. Tun daga ranar na fara gane cewa zaɓen ƙabila ba ya da nauyi sai idan duniyar wasan tana mayar da martani a kansa.

Wasan da ya nuna mini yadda ake yin abin da kyau shi ne Dragon Age: Origins, na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2009. A cikinsa akwai mafari shida, kuma kowanne labari ne mai zaman kansa da za ka yi ta bugawa kafin wani mutum mai suna Duncan ya ɗauke ka zuwa rundunar Grey Wardens, mayaƙan da suke kare duniya daga dodanni, inda hanyoyin shida suke haɗuwa a sansanin Ostagar. Ni da ƙanena muna amfani da kwamfuta ɗaya, ni da dare shi da rana, kuma ba tare da mun yi shawara ba duk muka ɗauki wadanni, mutanen birnin Orzammar da ke ƙarƙashin ƙasa. Bambancin shi ne ni na ɗauki ɗan sarki, shi kuma ya ɗauki wanda ba shi da asali.

Orzammar gari ne da aka gina a kan gado. Akwai sarauta, akwai mayaƙa, maƙera, masu haƙar ma'adinai, 'yan kasuwa da barori, kuma ɗa namiji yana bin matsayin ubansa, 'ya mace tana bin na uwarta. Duk wanda ya girma a inda ake binciken asali kafin a ba da aure, inda ake cewa wane ɗan gidan maƙera ne ko ɗan gidan wanzamai, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A ƙasan kowa akwai marasa asali, waɗanda suke zaune a kangon da ake kira Dust Town, ba a rubuta sunansu a kundin tarihin garin, kuma tun suna jarirai ake yi musu tambari a fuska. Wannan tambari ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, domin a wurinmu tsagar fuska takan nuna gidan da mutum ya fito, amma a can ana yin ta ne domin kowa ya san mai ita ba shi da gidan da za a ambata.

Nawa jarumin ɗan Sarki Endrin ne na biyu. Ƙaninsa Bhelen ya ƙulla makirci aka kashe yayansu Trian, aka ɗora wa jarumina laifin, aka tuɓe masa suna aka jefa shi cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa domin ya mutu a can. Can gaba a wasan na haɗu da Gorim, amintaccen bafadena, ya koma sayar da kaya a kasuwar birnin Denerim, ya miƙo mini garkuwar gidanmu da wasiƙar mahaifina. Na karanta wasiƙar nan sau biyu kafin in ci gaba. Shi kuwa jarumin ƙanena yana yi wa wani uban 'yan daba mai suna Beraht aiki ne, uwarsa mashayiya ce, kuma yayarsa Rica tana fafutukar ta haifa wa wani basarake ɗa namiji, tun da wannan ce kaɗai ƙofar da za ta fitar da danginta daga kango. Basaraken da ta haifa wa ɗan kuwa shi ne Bhelen.

Daga baya wasan yana mayar da kowa Orzammar bayan rasuwar sarki, kuma kai ne za ka miƙa kambun sarauta ga ɗaya daga cikin mutum biyu, ko Bhelen ko dattijo Harrowmont. Ni ban tsaya tunani ba na naɗa Harrowmont, Bhelen ya zare makami a zauren majalisa, na kashe shi, na ji zuciyata ta yi sanyi. Washegari bayan la'asar na tarar da ƙanena a zaure ya iso wuri ɗaya, kuma ina tsaye a bayansa ya miƙa wa Bhelen kambun. Na ce masa ai wannan maci amana ne, ya kashe ɗan'uwansa. Ya ajiye hannu ya juyo ya ce, "Hamma, kai ya ci amanarka. Ni shi ne uban ɗan yayata, kuma shi kaɗai ne a garin nan yake maganar mu ma mutane ne." Muka yi ta gardama har aka kira magariba, kuma kowannenmu yana da hujja, domin a ƙarshen wasan an nuna cewa Bhelen ya sassauta wa marasa asali amma ya yi mulkin kama-karya, shi kuwa Harrowmont mutum ne mai mutunci wanda ya ƙara rufe garin a kan tsohuwar al'adarsa. Zauren majalisar ɗaya ne, maganganun 'yan takarar kusan iri ɗaya ne, awoyin farko da kowannenmu ya yi a gidansu ne suka raba mu.

Shekaru bayan haka na buga Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, wanda ya fito a 2023, a kwamfutar wani abokina da ke Tumfure domin tawa ba za ta iya ɗaukarsa ba. Akwai ƙabilu goma sha ɗaya, kuma idan ka ɗauki Drow sai ka ga dodannin Goblin da suke tare wa kowa hanya suna rawar jiki suna ba ka wuri. Haka kuma ana tambayar ka abin da ka yi a baya, ko soja ne kai, ko malami, ko ɗan titi, kuma ana ba ka lada idan ka aikata abin da ya dace da wannan tarbiyya. Wani abu da na lura da shi shi ne sun raba ƙarin ƙarfi da basira daga ƙabila, kai ne kake ɗora su inda kake so. Wasan Dungeons & Dragons da ake yi a kan tebur, wanda daga dokokinsa aka gina wannan, shi ma a bugun 2024 ya mayar da wannan ƙari kan tarbiyyar jarumi. Wasu 'yan wasa suna ganin an rage wa zaɓen armashi, amma ni ina goyon bayan canjin. A Gombe muna zaune da Fulani, Tangale, Tera, Waja, Bolawa, Barebari da Hausawa, kuma mun san ɓarnar da maganar cewa ƙabila kaza da wayo aka haife ta, ƙabila kaza da wauta, take yi a tsakanin maƙwabta. Abin da nake so a riƙe shi ne tarihin mutane, da irin kallon da ake yi musu, da wanda suka bari a gida.

Kwanakin baya na sake ɗora Dragon Age a kwamfuta, na ɗauki wada marar asali. Na sa sulken wani mayaƙi da ya bugu na shiga filin gasa a madadinsa, na ga yadda filin ya hargitse da aka gane tambarin fuskata. Da na dawo Orzammar na sami Rica cikin tufafin fada tana ba ni labarin ɗanta, sai na ɗauki waya na kira ƙanena, wanda yanzu yake aiki a Bauchi, na gaya masa cewa a daren nan zan shiga majalisa, kuma Bhelen zan miƙa wa kambun.