Tsohon bututun bindiga mai kauri: yadda ake mayar da shi kayan aiki

A Amurka, masu gasar harbin nesa suna canja bututun bindiga kamar yadda direba ke canja taya. Zafin albarushi yana cinye wurin da harsashi ke fara shiga cikin ramin, har ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, daga nan saiti ya lalace. Bututun harsashin .308 yakan kai harbi 5,000 ko fiye, amma masu cin albarushi da yawa a siririn rami, irin su .243, wani lokaci ba sa wuce 1,500 zuwa 2,000. Sai a kwance shi a jefa cikin akwatin ragowar kaya, a ɗaura sabo. Masu harbin da kansu suna kiran irin wannan bututu sandar tokare tumatir, don da yawa a lambu suke ƙarewa.

Abin tausayi ne, domin abin da ya lalace bai wuce santimita biyar na cikin ramin ba. Sauran ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Bututu mai kauri na gasa yana da faɗin milimita 30 zuwa 32 a gindi, tsawonsa santimita 66 zuwa 71, nauyinsa kilo biyu da rabi zuwa huɗu gwargwadon yadda aka siranta shi zuwa baki. An miƙar da shi tsaf, an cire masa gajiyar ƙira a masana'anta, kuma ga rami daidai tsakiya daga wannan kai zuwa wancan. Wannan ramin shi ne amfaninsa, shi ne kuma matsalarsa.

Maganar doka ce ta farko, kafin a taɓa zarto. A dokar tarayyar Amurka, uwar jikin bindiga mai ɗauke da lamba ita ake ɗauka a matsayin makami, bututu kuwa kayan gyara ne. Duk da haka dokar 1934, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta sa takunkumi a kan raifal mai bututun da bai kai inci 16 ba, saboda haka wanda ya datse bututu ya bar gindinsa lafiya, alhali yana da jikin da zai ɗaura shi, ya jawo wa kansa rigima. A Birtaniya bututun kansa sai da lasisi. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta haɗa sassan bindiga cikin ma'anar bindiga. Don haka maƙeri a Kano ko Gusau da aka kawo masa irin wannan ƙarfe cikin kayan gwangwan, ba nasa ba ne ya ƙera. A miƙa shi ga hukuma. Bayanin da ke tafe na wanda ya mallaki bututun ta halastacciyar hanya ne, a inda doka ta yarda ya lalata shi da kansa.

A fara ɗaga shi sama a leƙa. Dole a ga haske daga wannan baki zuwa wancan. Bututun da ba a ga haske ta cikinsa ba, kada ya kusanci wuta ko giranda, don ba a san abin da ya toshe shi ba, kuma harsashin da ya maƙale yana iya tashi da zafi kaɗan. Idan hanya a buɗe take, sai a kashe shi a matsayin bututun bindiga: a yanke gindin da ke da mazaunin harsashi da tiredin ɗauri, kamar santimita 8 zuwa 10, sannan a tsaga wannan guntun gida biyu a tsaye. Ba asara aka yi ba, don dama a nan ɓarnar take, kuma tsattsagewar nan ta ciki ita ce ke zama tushen karyewa idan aka ƙera wurin.

Sai wanki. Cikin ramin akwai shafen jan ƙarfe daga rigar harsashi, wani lokaci da dalma. A goge da burushin tagulla da ruwan wanke bututu, a bi da tsumma har ya fito fari. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da hayaƙinta ba. A yi aikin a fili, a sa takunkumin hanci lokacin giranda, a wanke hannu kafin cin abinci.

Yanzu tambayar da komai ya rataya a kanta: wane irin ƙarfe ne? Yawanci ɗaya ne cikin biyu. Akwai 4140, mai kabon kusan kashi 0.4 cikin ɗari, da kuromiyam kusan kashi 1, da ɗan molibdenam. Ɗan'uwansa 4150 ya fi shi kabon kaɗan, shi aka fi samu a bututun soja. Akwai kuma 416R, ƙarfe marar tsatsa mai kuromiyam kashi 12 zuwa 13, wanda aka zuba masa farar wuta don ya yi sauƙin sassaƙa a inji. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, duka biyun yana kama su. Launi ma yana yaudara, tunda ana yi wa bututu fenti. Hanya mai sauƙi ita ce a goge wuri ɗaya da giranda har ya yi ƙyalli, a ɗiga ruwan gishiri, a bar shi ya kwana. Na 4140 zai wayi gari da jan tsatsa sosai, 416R kuwa da ƙyar za a ga tabo.

Idan 416R ne, kada a kai shi maƙera. Farar wutar da ke cikinsa tana sa ya tsage a ƙarƙashin guduma yana ja, kuma walda ba ta zama a jikinsa da aminci. Aikin sanyi ya dace da shi, kuma a nan yana da daɗin aiki kamar sabulu. A yanka shi guntu-guntu na santimita 10 zuwa 15, a daidaita fuskokin, a faɗaɗa ramin da diril zuwa milimita 10, 12 ko 16, an samu ƙarfen tura boris da bushi a kan sanda ba tare da an daki sandar ba. Guntu mai tsawon santimita 40 kuwa yana zama ƙafar fitilar tebur, waya ta bi ta ramin da ke nan tun asali; a dai goge bakin ramin ya yi santsi a sa roba, don kada ya yanke rigar wayar. Wajen faɗaɗa ramin, tsagin murɗe da aka yi a cikin ramin don ya juya harsashi yana cafke bakin diril ya fizge aikin daga hannu. Maganinsa a damƙe guntun da kyau a jikin benci, a rage gudun inji, a sa mai, a riƙa ƙara girman diril da milimita biyu-biyu maimakon tsalle ɗaya. Idan magagari ya zame a jikin ƙarfen bai ci ba, ko haƙoran zarto suka dakushe da zarar sun isa ramin, to an yi masa shafe mai tauri a fata ko a ciki. Sai faifan giranda.

Idan kuma 4140 ne, to an samu abin ƙira. Mutane da yawa wuƙa suke fara tunani. Ba mu ba da wannan shawarar ba: kabon ɗinsa bai isa ya riƙe kaifi irin na wuƙa mai kyau ba, sifirin ɗin tsohuwar mota ya fi shi a wannan fanni. Inda ya yi fice shi ne juriyar duka, wato fartanya, kurfi, ƙaramar guduma. A Colorado Springs akwai ƙungiyar RAWtools, wadda tun 2013 take ƙera kayan lambu daga bututun bindigogin da mutane suka sallama, kuma ƙaramar fartanyar hannu ita ce abin da aka fi saninta da shi.

Ga yadda ake fitar da fartanya. A zaɓi wurin da faɗinsa ya kai milimita 25, a yanki santimita 20; nauyinsa zai kai giram 700. A raba shi da alli gida uku: santimita 9 na ruwan fartanya, 4 na wuya, 7 na gidan ƙota. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa shi a wuta a hau dukansa ya baje yadda yake. Ramin zai rufe, ido zai ga kamar ya haɗe, amma bangon biyu ba su narke cikin juna ba. An bar ɓoyayyen tsagi a tsakiyar ruwan, kuma ranar da fartanyar ta ci karo da dutse sai ta buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Saboda haka tsaga shi ake yi a buɗe shi. Da siririn faifan giranda a tsaga gefe ɗaya a tsaye har zuwa ramin, santimita 9 daga wannan kai, 7 daga wancan. A ƙarshen kowane tsagi a huda rami na milimita 5 ko 6. Wannan ƙaramin hujin shi ke tare tsagin kada ya ci gaba da tafiya cikin wuya lokacin da ake buɗewa. Wanda ya tsallake shi zai gane amfaninsa a zafi na biyu, wato karo na biyu da aka sa ƙarfen a wuta.

A zuga wuta har ƙarfen ya yi ruwan ɗorawa mai haske, wajen digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Celsius. A kafa kurfi cikin tsagin a buɗe, a kifa shi a kan uwar maƙera a baje. Wannan ƙarfe ya fi rodin gini taurin kai nesa ba kusa ba, guduma mai kilo ɗaya da rabi ita ce daidai, kuma zai ci zafi goma ko fiye. Da ya sauko zuwa ja, wajen digiri 900, a daina duka a mayar wuta. Dukan 4140 yana ja mai duhu shi ke haifar da ƙananan tsaga a gefe. Kada kuma a tsoma shi a ruwa tsakanin zafi da zafi don a samu damar riƙewa, awartaki ne aikinsa. Ana neman ruwa mai faɗin santimita 6 zuwa 7, kaurin milimita 5 a gindi, yana sirancewa zuwa 2 a baki. Bayan ya baje za a ga sawun tsagin murɗen nan a fuska ɗaya kamar zanen kalangu. A goge shi ya ɓace gaba ɗaya, musamman kusa da baki, don kowane layi wurin fara karyewa ne.

Ɗaya kan ma a buɗe shi a baje zuwa kaurin milimita 4, sannan a naɗe shi a jikin sandar ƙarfe mai faɗin milimita 28 ya zama gidan ƙota, a huda wurin ƙusa. A zafafa wuyan a lanƙwasa har ruwan ya fuskanci ƙota da kusurwar digiri 70 ko kusa da haka, gwargwadon tsayin mai aiki da ita.

Kafin a ba shi tauri, a huce masa gajiyar duka: a kai shi digiri 870, ja mai haske, a ajiye a iska ya huce da kansa, sau biyu ko uku. Sannan a sake zafafa ruwan fartanyar kaɗai. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, abin da ake nema kuwa 845 zuwa 860 ne, wato a ƙara ɗan haske kaɗan bayan maganaɗisun ya saki. A inuwa ake wannan, don rana tana ɓoye launin wuta har mutum ya zarce bai sani ba. A tsoma santimita 3 zuwa 4 na bakin cikin man gyaɗa ko wani man girki da aka ɗumama zuwa digiri 50 ko 60, aƙalla lita uku a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a riƙa motsa shi sama da ƙasa. Tsomawa cikin ruwa tana tsaga wannan ƙarfe, baƙin man inji kuma hayaƙinsa guba ne kuma taurinsa ba ya daidaita. A kula da ramin da ya rage a wuya: idan ya nutse cikin mai yana da zafi, man zai tafasa a ciki ya feso ta ɗaya bakin da harshen wuta. Kada bakin ramin ya kalli fuskar kowa.

Da ya huce yadda hannu zai iya taɓawa, magagari zai zame a bakin. A wannan hali gautsi gare shi kamar kwalba, kada a bar shi ya kwana haka. A gasa shi a digiri 200 na awa ɗaya, ya huce, a maimaita. Wanda ba shi da tanda mai ma'auni sai ya goge bakin ya yi fari, ya zafafa daga wajen wuya a hankali, ya tsaya da zarar launin karan dawa busasshe ya iso bakin. Taurin zai tsaya sama da 50 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, alhali bututun ya fito daga masana'anta a wajen 28 zuwa 32. A guji gasawa tsakanin digiri 260 da 370, don a wannan tsakanin 4140 yana rasa juriyar duka maimakon ya ƙaru. Kurfi ko ƙarfen fitar da fil, bakin kaɗai ake taurarawa. Kan da guduma ke sauka a bar shi da laushinsa, in ba haka ba ɓarɓashi zai tashi ya shiga ido.

Idan aikin ya buƙaci walda, misali haɗa guntun da faranti don yin ƙafar wani abu, a fara ɗumama shi zuwa digiri 250 ko 300, a yi amfani da busasshiyar wayar walda mai lamba 7018, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Waldar da aka yi wa 4140 yana sanyi tana yin kyau a ido, sai bayan kwana ɗaya ko biyu tsagi ya bayyana a gefen ɗinkin. Bututun da aka yi wa shafen kuromiyam a ciki kuwa, a goge shafen daga inda wutar walda za ta taɓa, don hayaƙinsa yana cutar da huhu.

Ragowar santimita 36 zuwa 43 da suka saura bayan fartanya, a shafa musu mai, a rubuta irin ƙarfen a jiki da fenti kafin a mayar cikin akwati. Bayan shekara guda ba mai iya bambance guntun 4140 da na 416R da ido, sai an sake gwajin ruwan gishiri.