Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Kusuri

Makon jiya na tsaya a Gamboru, inda muka kwana da kayan ɗakina a ɗaure a bayan mota. Da gari ya waye muka haye zuwa Fotokol, muka shiga ƙasar Kamaru. Shekarar 1996 ce, ƙarshen kaka, ina goye da yaron nan na fari. Har muka baro Kano abin da na sani shi ne Injamena za mu, gidan Yaya, wan mijina Malam, wai ya ware mana sashe mai ɗaki biyu. Shi da kansa ya aiko wa Hajiya, ya ce Malam ya bar zaman yaron shago a Kantin Kwari ya zo su haɗa hannu, a riƙa kawo atamfa daga Kano, shi kuma ya san masu saye a Cadi. Ranar sallama Hajiya ta riƙe hannuna a soro ta ce, "Ki riƙe 'yar'uwarki, zumunta a ƙafa take." Faccalata take nufi, matar Yaya.

A tashar Kusuri yaron shagon Yaya ne ya tare mu. Ya ce an ce a gaya wa Malam sashen nan an zuba kaya a ciki, amma an kama mana ɗaki a nan, haya ta fi sauƙi, kuma ai ruwa ne kawai tsakani. Malam ya ce, "To, madalla." Har ya koma ga Allah ban ji ya ƙara kalma ɗaya a kan maganar ba. Ni ce ban iya haɗiye ta ba.

Wanda bai san wurin ba, Kusuri tana nan daidai inda kogin Logon yake zubawa cikin Shari. In ka tsaya a bakin ruwa da daddare kana ganin fitilun Injamena, har da na fadar shugaban ƙasa. Da kwalekwale ba nisa. A mota kuwa gada biyu za ka hau, ta Ngeli a kan Logon, wadda ita ce iyaka, sannan ta Shagwa a kan Shari. Da sassafe garin kaf hayi yake nufa: ma'aikata, 'yan tireda, guragu a kekunansu sun loda sukari da sabulu, ga manyan motocin da suka taso tun daga Duwala da Ngaundare sun yi jerin gwano suna jiran 'yan kwastan. Kafin magariba kowa ya yi sauri ya komo, don ana rufe gadar. Kuɗi ɗaya ake kashewa a ɓangarorin biyu, sefa. Mutum zai kwana a Kamaru ya nemi abincinsa a Cadi shekara da shekaru, haka Malam ya yi.

Ni kuwa aka bar ni a ɗaki, ba na jin Larabcin Shuwa, wanda shi ne yaren kasuwa, ba na jin Faransanci, balle Kotoko. Gidan haya ne na wata tsohuwa 'yar Kotoko, Iya muke ce mata, sana'arta kifi. Ita ta ga ban ɗora tukunya ba ranar farko, ta aiko jikarta da tuwon masakwa da miyar kuɓewa da busasshen kifin salanga. Kashegari ta yafito ni da hannu, ta sa ni gaba har kasuwa. A wurinta na koyi lissafinsu: ba da sefa suke faɗin farashi ba, da riyal suke yi, riyal ɗaya sefa biyar, in mai tumatir ta ce miya, wato ɗari da Larabci, to sefa ɗari biyar take nufi. Iya takan tsaya a bayana, in za a cuce ni ta tsunkule ni a kafaɗa. Ta nuna mini mai gawayin da ba ya jiƙa gawayinsa, ta nuna mini inda matan Hausawa suke sayar da ƙuli da daddawa. A wurinsu na fara jin Hausa a bakin wani ba Malam ba, har sai da na yi hawaye a tsakiyar kasuwa. Wasunsu kakanninsu ne suka tsaya a nan kan hanyar Makka, ba su taɓa ganin Kano ba, amma da suka ji daga inda na fito sai aka shimfiɗa mini tabarma.

Iya ba ta da Hausa sai gaisuwa, duk da haka da na fara tsintar Larabci ta ba ni labarin garin kamar ba na baƙuwa ba. Ta ce nan aka kashe Rabe, Turawan Faransa suka ci shi da yaƙi a 1900, shi ma babban sojansu Lami a ranar ya mutu, shi ya sa tsofaffi har lokacin suke ce wa Injamena For Lami. Ta ce su Kotoko jikokin Sao ne, mutanen da suka zauna yankin tun zamanin da, suna da ganuwa da sarki tun hayin can yana ƙauye. Tana faɗa tana buga ƙirji. Matar da ba dangin iya ba na baba, ita ta zauna a kaina lokacin da zazzaɓin sauro ya kayar da ni a damina ta farko, ruwa ya cika lungunmu, laka har ƙauri.

Zumunta a ƙafa take. Ni dai na taka. Sallah ƙarama na hau gadar nan da yaro a baya da kwanon cincin a ka, sallar layya ma haka, suna, rashin lafiya, ba wanda ban je ba. A gaishe ni a tsakar gida, a kawo karkanji, wato zoɓo, a ce a gaida Malam. Da idona na ga sashen nan da aka ce an zuba kaya, ƙanen faccalata ne a ciki da rediyonsa. Ban gaya wa Malam ba. Da na haifi ta biyu, 'yar aike aka turo da turmi ɗaya, irin wanda Malam yake ɗauko musu daga Kano. Ranar suna Iya da maƙwabta ne suka yi mini tsayuwar dangi. Ina ta duban ƙofa har la'asar.

Yaran yanzu suna ce mini in bar tone-tone, waɗanda ake magana a kansu sun riga mu gidan gaskiya. Na yafe, Allah shi ne shaida. Amma su ba su san yadda mace take ji ba in tana hango fitilar unguwar danginta ta kan ruwa, ba mai leƙo ta. Autana ma da yake faɗa, a Disambar 2021, da rikicin Larabawa makiyaya da Musgum masunta ya shigo gari aka ƙone kasuwar shanu, shi ya ɗauke ni a kwalekwale zuwa hayi, ya kuma ji abin da na ce da aka kawo shawarar gidan da za mu sauka. Wannan sai mun zo wurin.

Malam ya rabu da shagon Yaya ba faɗa, ya kama rumfarsa a kasuwar Kusuri. Ni na fara ɗinkin hula da sayar da atamfa bashi ga matan unguwa, muna adashi. Da kuɗin adashin nan aka sayi bulo na farko na gidanmu. Na faɗa ne don akwai masu cewa Yaya ya gina mana. Ko buhun siminti ɗaya ba nasa.

Sai ranar Asabar, 2 ga Fabrairun 2008, 'yan tawaye suka shiga Injamena za su kifar da Idris Debi, shugaban Cadi na lokacin. Daga tsakar gidanmu muna jin manyan bindigogi, hayaƙi ya turnuƙe hayi. Da aka ɗan lafa sai mutane suka ɓarko, dubbai a kan dubbai, wasu ta gada, wasu a kwalekwale, katifa a ka, tsofaffi a baro. Makarantu da masallatai suka cika, filin Madana ba masaka tsinke, daga baya aka kwashi wasu zuwa sansanin Maltam. Ina rabon ruwa a ƙofar gida na hango Yaya, ba hula, takalmi ɗaya soso ɗaya fata, faccalata a bayansa da 'ya'ya da ƙanen nan nata. Gidan ma ba su sani ba, tambaya suka yi ta yi a kasuwa, ina gidan Malam mai atamfa. Shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni muna garin.

Na durƙusa na ce, "Sannunku da zuwa, Yaya." Ya ce, "Amarya, kin gan mu." Har lokacin amarya yake ce mini, ina da 'ya'ya biyar. Na kwashe kayana daga ɗakina na ba su, ɗaki biyu cif, ni da yara muka koma rumfa. Iya ta tsufa sosai a lokacin, ba ta fita, amma da ta ji ta aiko da kwando guda na kifi ta ce a ba baƙin 'yarta. Faccalata ta ci tana kuka, ta riƙe mini zane ta ce, "Maman yara, ki yafe mini." Na ce ba komai, ci abincinki. Maganar Hajiya ce take ta yi mini yawo a ka, ita kuwa Hajiya ta rasu tun 2003 tana zaton a gida ɗaya muke zaune, don Malam ya hana kowa ya gaya mata.

Da ƙura ta lafa suka koma. Yaya ya miƙa wa Malam kuɗi a ambulan, Malam ya mayar masa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi maganar haɗa 'yata da ɗansu, da dalilin da na ce a'a.