Abin da Alhaji ya nema a shafina bai gani ba

Zanen kwamfuta nake yi a Kano: tambarin kasuwanci, fosta, katin biki, da takardar da ake liƙa wa kwalba ko leda. Ba ni da shago, ba na ƙarƙashin kowa. Da na samu kuɗin farko mai ɗan kauri, sai na sayi adireshi mai ƙarewa da .com.ng, na zauna na gina shafina na intanet. Sati uku ina ƙawata shi da manyan hotuna, da rubutu mai sulalowa ta gefe, da Turanci mai nauyi. Abokan sana'a suka yi ta yabawa. Wata biyar cur babu wanda ya kira ni ta dalilinsa.

Wani Alhaji mai sayar da shadda a Kantin Kwari ne ya buɗe mini ido. Na kai masa samfurin tambari, na ce bari in nuna masa sauran ayyukana. Ya miƙo wayarsa, na rubuta adireshin. Muka zuba wa waya ido, 'yar da'irar nan tana ta juyawa, ga masu ciniki a tsaye suna jiransa. Da shafin ya buɗe, ya ja shi sama da yatsa sau biyu, ya ce, "Malam, ina lambarka? Kuma nawa ake yin irin wannan?" Na ce, "Alhaji, akwai fom a can ƙasa." Ya ce shi bai taɓa cika fom don zai ba mutum kuɗi ba. A hanyar komawa gida na gane cewa 'yan'uwana masu zane na gina wa shafin, su kuwa ba za su taɓa ba ni aiki ba.

Na rushe shi. Na rage nauyin hotuna yadda ba za su cinye wa mutum data ba. Lambata ta koma can sama, da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp kai tsaye, domin yawancin masu nemana saƙon murya suke turowa. Hausa ta zo gaba, Turanci a bayanta. Na cire hotunan ƙarya da ake ɗora zane a kan kwalbar da babu ita, na je na ɗauko hoton kwalbar turaren wuta ta gaske a kan kantar shago, bayan na nemi izinin mai ita. Mai sayar da yaji ko man kaɗanya tana son ta ga kaya irin nata kafin ta saki jiki da kai.

Maganar farashi ce na fi jin tsoro. Abokaina suna cewa in ka rubuta, wani zai karya maka kasuwa. Ni dai na rubuta inda kuɗin kowane aiki ke farawa, kuma ban yi nadama ba. Masu tambayar "nawa?" su ɓace sun ragu, wanda ya kira kuma ya riga ya shirya.

Shekarar 2021 ta ƙara mini wani karatun. A watan Yuni gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, na ga waɗanda duk cinikinsu a can yake sun shiga wani hali. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida. Tun daga nan nake rubuta suna da lambar duk wanda na yi wa aiki a littafi, na kuma sa lambar kira ta biyu a shafin.

Yanzu duk gyaran da na yi, sai na ari tsohuwar wayar ƙanwata na gwada buɗe shi a zaure, inda sabis ya fi rauni a gidanmu.