Hawan da ya tsayar da mu sau uku

Motarmu ƙirar 1978 ce, irin ƙaramar bas ɗin nan da aka mayar da cikinta ɗakin kwana, da gado da ɗan wurin girki. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, kafireta kuma ke ba shi mai. Ni da ƙanena muka ɗauki hanya da niyyar kwana huɗu. Ranar farko a shimfiɗaɗɗen titi muka wuni, ko tari ba ta yi ba.

Kashegari da rana tsaka hanya ta fara hawa dutse. Ina cikin giya ta uku sai na ji totur ya saki a ƙarƙashin ƙafata. Mota ta fizga sau biyu, ta mutu. Da ƙyar na lallaɓa ta gefen titi.

Wuta na fara dubawa. Na zare wayar fulogi ɗaya, ƙanena ya murza makulli, tartsatsi ya fito shuɗi tas. Saura mai ke nan. Na cire matatar iska, na leƙa maƙogwaron kafireta ina jan sandar totur da hannu. Idan akwai fetur a cikinta, za ka ga ya yi tsartuwa siriri. Ko ɗigo ban gani ba.

Bayan kamar minti 20 ta tashi da kanta, sai na ɗora laifin a kan zafi. Sanannen abu ne a tsofaffin motoci: fetur ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfon mai kuwa ruwa yake iya turawa, tururi ya fi ƙarfinsa. Na jiƙa tsumma na naɗe famfon, muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa.

A tsayawa ta biyu na duba filtar mai, irin ta roba mai nuna abin da ke ciki. Gindinta cike da jan gari, tsatsar tanki. Na sa sabuwa. A nan ne gabana ya faɗi, don da na lanƙwasa tiyon da ke shiga famfo sai na ga duk ya tsattsage kamar busasshiyar fata. Tsufa na cin roba, fetur mai gaurayen itanol (wani sinadarin barasa) kuma ya fi saurin lalata tsohon tiyo. Tiyo mai yoyo a kan inji mai zafi shi ne gobarar da ke cinye irin waɗannan motoci. Na yanko sabo daga wanda na zo da shi, na ɗaure bakinsa biyu tam. Ko da wannan kaɗai tsayawar ta haifar, ban yi asarar lokaci ba.

Amma ciwon na nan. Hawa na gaba ta mutu karo na uku.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kafiretar nan fa? Mu kwance ta mu wanke."

Na ce masa a'a. Kafireta ba ta da laifi idan ba a kawo mata komai ba, kuma kwance ta a bakin titi, da ƙananan sassanta masu saurin ɓata cikin ƙasa, ƙarin wahala ne. Gara mu bi man tun daga tushe. Muka bari inji ya huce, na cire kan batir, na ajiye abin kashe gobara kusa. A wannan mota tanki ya fi famfo tudu, don haka idan ka zare tiyon da ke fitowa daga tanki, ya kamata fetur ya zubo da kansa. Na zare, na sa bakinsa cikin kwalba. Ɗis, ɗis, sai ya tsaya.

Na ce, "Je ka buɗe murfin tanki."

Yana murɗawa muka ji dogon fuuu, iska na ruɗawa ciki. Nan take fetur ya tsinke cikin kwalbar.

Tanki ma numfashi yake yi. Duk litar da ta fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinta, kuma akwai siririn bututu da aka yi don haka. Namu ya toshe. A shimfiɗaɗɗen titi inji kaɗan yake sha, 'yar iskar da ke satar shiga ta gefen murfi tana isa. A hawa kuwa shansa ya ƙaru, tanki ya shaƙe, famfon da ƙarfinsa bai wuce kusan 3 psi ba (psi ma'aunin matsi ne, 3 kuwa kaɗan ne) ya kasa ja. Minti 20 ɗin da muke jira, iska ce ke sulalewa ciki a hankali, ni kuma ina zaton inji ne ke hucewa.

Na bi bututun da yatsa har ƙarshensa, na tarar da busasshiyar laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da motar ta daɗe a ajiye. Da siririyar waya na zungure shi, na hura har iska ta wuce.

Sauran hawan a giya ta biyu muka yi shi, kunnena na kan inji, bai ko sauya murya ba. Rana na faɗuwa muka kai ƙololuwa, muka kwana a can. Da safe na sake leƙa sabuwar filtar, har jan gari ya fara taruwa a gindinta. Tankin sai an sauke an wanke idan mun koma, kafin nan kuma kowace safiya sai na duba ta kafin in murza makulli.