Bashin Sefa, Cinikin Naira

Har yau idan na bi ta gaban filin nan da na sayar, na ga sabon mai shi ya kai gini linta, sai in kau da kai. Abin da ya raba ni da filin kalma ɗaya ce da na furta a shagon kawuna a Maradi, ranar wata Juma'a a farkon watan Yunin 2023.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shagon kayan masarufi a cikin garin Katsina, ba wanda ya taɓa hana ni barci, sai da manyan kantunan nan na zamani guda biyu suka buɗe kusa da mu, ɗaya a bakin titi, ɗaya bayan gidan mai. Ga sanyi, ga haske, ga farashi manne a jikin kowane kaya, mutum ya ɗauki kwando ya zaɓa da kansa, a miƙa masa rasit. Da farko na ce yayi ne, zai wuce. Abin da ya karya ni shi ne wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira. Ni a lokacin ba na karɓar tiransifa, ina ganin rigima ce. Su kuwa na'urar POS ɗinsu ba ta hutawa. Cikin wata biyu ma'aikatan da ke yin sayayyar wata a wurina suka koma can, kuma ko da kuɗi suka dawo hannun mutane, su ba su dawo ba. Wata Hajiya da ta shekara bakwai tana aiko mini da direbanta, da idona na ga motarta a ƙofar kantin bakin titi. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa araha ce ta janye su. Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Na ce tunda su daga kamfani suke ɗauko kaya kai tsaye, ni kuma daga kasuwar Singa ta Kano nake sarowa a hannu na biyu, to bari in nemo inda zan fi su araha. Wurin kuwa kusa da gida yake. Daga Katsina zuwa Jibiya, ka wuce Magama, ka shiga Ɗan Isa, sai Maradi. Mu nan ba ma ɗaukar Maradi wata ƙasa. Rabin danginmu na uwa can suke, sarkinsu ma Sarkin Katsinan Maradi ake ce masa. Ƙanin mahaifiyata babban ɗan kasuwa ne a can, yana sauke kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Shinkafa dai ban taɓa ta ba, don ko bayan da aka buɗe iyaka a Disambar 2020 haramcin shigo da ita ta ƙasa yana nan, kuma na ga waɗanda kwastam suka mayar da su gida da hula kawai. Na zaɓi madarar gari, ganyen shayi, dabino, kifin gwangwani da 'yan tarkace irin waɗanda mata ke nema gab da Babbar Sallah. Aka buga lissafi ya kama jika dubu biyu, wato sefa miliyan biyu. Ga wanda bai saba ba, jika a bakin mutanen Nijar sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar, kada ka rikita ta da jakar iyayenmu ta naira ɗari biyu. A ranar mai canjina yana ba ni jika ɗaya a kan naira dubu ɗaya da ɗari biyu, kayan sun tashi miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ke nan. Kawu ya ce in ɗauka, in biya bayan wata uku.

Ya ɗauko littafinsa, ya riƙe biro, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, da wane kuɗɗi za mu rubuta, namu ko naku? In naku ne sai na ɗora maka wani abu bisa, don kuɗɗinku ba su da alkawali. In namu ne, yadda na faɗa maka haka za a rubuta."

Abin da zai ɗora bai kai naira dubu ɗari biyu ba. Na yi lissafi a raina, na ga ai wannan ita ce ribar da zan doke kantin bakin titi da ita. Na ce, "Kawu, a rubuta da sefa."

Shi ke nan. Dattijon nan ya ba ni zaɓi, har ya faɗa mini dalili da bakinsa, ni kuma na zaɓi wuƙar da za ta yanka ni. Ban tsaya na yi tunanin cewa sefa a ɗaure take da Yuro ba, tun 1999 Yuro ɗaya sefa 656 ce ba ta motsi, alhali ni kowace safiya naira nake karɓa a shago. Kuma ba a ce alamu ba su bayyana ba. Kwana huɗu kafin nan, ranar 29 ga Mayu, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin motar da na biya zuwa Jibiya ma ya isa ya farkar da ni.

Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Na ji a rediyo ina awon sukari. Na kira mai canji, ya ce su a wurinsu ba abin da ya motsa sosai, don dama ba da farashin gwamnati suke aiki ba. Na yi dariya na ci gaba da harkata. Na samo allo na rubuta farashi da alli na kafa a ƙofar shago, kowane kaya na karya shi ƙasa da na kanti. Kaya suka tafi kamar ana rabo. Kafin ƙarshen Yuli kuɗin Kawu cif suna hannuna, har da 'yar riba.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo, don na farko a iya cewa rashin sani ne. Maimakon in kai wa mai canji kuɗin a rufe littafi, sai na ce ai wa'adi bai cika ba, bari in juya su sau ɗaya. Na tafi Singa na ciko mota, na sayi firiza don ni ma in riƙa sayar da abin sanyi kamar su.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum, Janar Tchiani ya karɓi mulki. Kafin mako ya zagayo ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu ita ce, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi, don na samu abin fakewa. Alhali duk wanda ya san Magama ya san rufe iyaka ba ya hana kuɗi tafiya. Ka ba ɗan canji naira a nan, ya buga waya, ɗan'uwansa ya ƙirga wa mutuminka sefa a Maradi kafin ka gama shan ruwa. Na san haka sarai. Amma duk sanda Kawu ya kira mu gaisa sai in ce, "Kawu, ka ga halin da ake ciki," shi kuma ya ce, "Ba komi ɗana, Allah shi kawo sauƙi."

A watan Satumba dala ta Amurka ta haura naira dubu a kasuwar bayan fage, jika ta bi ta. Na ce bari ta sauko tukuna. Kowa a majalisarmu masanin tattalin arziki ne a lokacin, wannan ya ce bayan an naɗa sabon gwamnan Babban Banki za ta sauko, wancan ya ce sai an shiga sabuwar shekara. Ni kuma duk wanda ya faɗi abin da nake son ji shi ne mai gaskiya. Kullum da safe kafin in buɗe shago sai na kira mai canji, har ya gane muryata ya daina amsa sallama, sai dai ya faɗi lamba kawai.

Fabrairun 2024 ne rufin ya rufto. Jika ta doshi naira dubu uku. A daidai lokacin Kawu ya kira, ba da muryar gaisuwa ba. Shi ma wuya ta kai masa, hanyar Kwatano a toshe, kaya sai sun zagayo ta Lome sun ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, ga azumi ya ƙarato yana son ya yi oda. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ni jika na ba ka, jika nika so. Ban ƙara maka ko dala ba." Kuma gaskiyarsa ce, wata takwas bai ƙara ko dala ba. Bashin da ya kama miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ya zama miliyan biyar da dubu ɗari bakwai ba tare da an taɓa littafin ba. Idan baƙo ne da na nemi sulhu. Ƙanin uwa fa? Maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ta kira ni ta ce kada in bari a ji kanmu a dangi. A cikin mako guda na sayar da filin, a farashin mai neman kuɗi da gaggawa, na biya.

Bayan mako shida naira ta farfaɗo. A watan Afrilu mai canjin nan da kansa ya kira ni, wai jika ta sauko ƙasa da dubu biyu, ko ina bukata. Na kashe wayar. Na yi wata bakwai ina jira ta sauko ba ta sauko ba, ranar da na haƙura na biya a ƙololuwa sai ga ta. Shi ya sa yanzu idan wani ya ce mini yana jiran canji ya gyaru kafin ya biya bashi, ba na ma iya ba shi amsa da hankali. Idan kayan sun fita kuma kuɗin na hannunka, a ranar ka canza ka biya. Idan kuma dillali ya ce zai rubuta da kuɗin da kake ciniki da shi amma zai ɗora wani abu, ka karɓa da hannu biyu, wannan ƙarin shi ne kuɗin barcinka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda na gano daga baya, a kyauta. Wata rana ina zaune ba ciniki, na ba yaron shagona takarda da biro, na rubuta masa kaya talatin, na ce ya shiga kantunan nan biyu ya kwafo mini farashi. Ya dawo na jera da nawa. A cikin talatin, shida kawai suka fi ni araha: sukari, man girki, madara, taliya da wasu biyu, wato kayan da kowace mace ta haddace farashinsu. Sauran duk ko dai kunnen doki muke, ko na fi su sauƙi. Su karya farashin abin da ido ke kai, su fanshe a kan biskit, man shafawa da kayan ƙamshi, waɗanda mutum ke jefawa a kwando ba ya dubawa. Da na aiki yaron nan tun a Mayun 2023, aikin awa ɗaya, da ko Jibiya ban taka ba. Hajiyar da na yi ta ƙunci a kanta ma, da muka haɗu a wani biki na yi ƙarfin hali na tambaye ta, sai ta ce ita tiransifa da wurin ajiye mota ne suka kai ta, ba ta ma san ko sun fi ni araha ba.

Da tsadar rayuwa ta yi tsanani kuma, mutanen unguwa da kansu suka dawo. Kanti ba ya ƙulla sukarin naira ɗari biyu, ba ya auna rabin tiya, ba ya rubuta wa malamin firamare bashi zuwa ƙarshen wata. Su ma manyan ba daɗi suke ji ba, dizal da kuɗin wuta suna cin su. Na bayan gidan mai ya fara kashe rabin firjinsa da rana. A Kano ma Shoprite ta rufe reshenta a Janairun 2024. Ni dai na sayi POS, na daina gasa da kowa a kan sukari.

Bayan an buɗe iyaka a watan Maris na 2024 sai na ga ruwa ya juya. Matan Maradi da 'yan kasuwar Madarunfa ne ke shigowa da sefa a jaka, suna kwasar Indomie, Maggi, sabulu da robobi kamar ba da kuɗi suke saya ba, don a wurinsu kayanmu sun zama banza. Wasu daga cikinsu yanzu abokan cinikina ne, kuma da ribarsu nake farfaɗowa. Ashe duk lokacin nan da nake leƙen Maradi ina neman abin sarowa, abin sayarwa ya kamata in nema.

Da na je gaishe da Kawu bayan Ƙaramar Sallah, muna shan shayi a ƙofar shagonsa, ya ce, "Ai da ka yi shawara da ni, da katan-katan na sabulu da taliyar yara ka riƙa turo mini a madadin kuɗɗin. Kayanku ba su hau da saurin da canji ya hau ba, da kai ka huta, ni ma na samu." Na riƙe kofin shayin nan har ya huce a hannuna. Wata takwas muna waya da mutumin nan kusan kowane mako, ban taɓa buɗe baki na ce masa ga damuwata ba, don kada ya ga gazawata.

Kafin in taso ya nuna mini sabon dabino da ya sauka, ya ce in ɗauki buhu biyar in gwada. Ya jawo littafi, ya riƙe biro, yana murmushi ta saman tabarau. Na ce masa ya mayar da littafin, buhu biyu nake so, na ƙirga masa kuɗinsa a take.

Uwargida kuwa har yau ba ta kiran wurin nan da sunan wanda ya saya. Idan za ta yi wa wani kwatance sai ta ce, ka bi ta gaban filin Kawu.