Shekara 3 ina riƙe da gidan wanka a Damagaram

Duk wanda ya ga mai gidan wanka zaune kan benci da gwangwanin tsaba a gabansa sai ya ce ai wannan ya huta, kuɗi ke tako ƙafa su same shi. Nima haka na zata lokacin da kawu ya tsufa ya bar mini nasa nan wajen kasuwar Dole, ɗaki 6, huɗu na bayi biyu na wanka. Fitsari dala 5 (a nan dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya kuma sefa 1000), bayan gida dala 10, wanka dala 20. Ranar Alhamis ta farko da kasuwa ta ci na ƙirga jika 7 da ƴan kai, wallahi daren nan har lissafin sayen babur na yi.

Ruwa ne ya fara koya mini hankali. Kowa ya san garinmu kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha ma daga nesa ake turo shi, su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, to da zafi ya shigo wajen watan 4 sai pampo ya yi kwana biyu uku ko ɗigo babu, kai kuma ba ka isa ka ce ma mai zawo ya dawo jibi ba, dole ka kira ƴan garuwa, su kuma lokacin ne kakarsu. Akwai ranar da na sayi ruwan jika 3 na tashi da jika 3 da dala 40. Ga wani direba da ya shiga wanka ya kwarara jarka guda cur a kan dala 20 ya fito yana fito abinsa. Tun ranar na hana shiga da jarka, bokiti ɗaya ne wanka, mai son ƙari ya ƙara kuɗi. Sun yi ta tsegumi, da baya suka saba.

Su omo, jabel, girezil, tsintsiya, butocin da ke ɓacewa kullum kamar da ƙafa, kuɗin yaron da ke wanki safe da yamma, kuɗin wuta, harajin meri (ofishin magajin gari), waɗannan duk ƙanana ne, a hankali suke cizo.

Babban shi ne masai. Kawu bai taɓa gaya mini rami na da ranarsa ba, ni kuma abin da ya shigo sai in kai gida a ci. Damina ta biyu cikin watan 8 na zo da asuba na tarar ya tumbatso har bakin ƙofa, mai shayin kusa da ni ya rufe hanci da rawani ya ce "Malam, yau dai ko kai ko ni". Motar zuƙa sawu biyu ta yi, ko sisi ban aje ba, akuyar matata aka sayar, har yau in mun yi faɗa sai ta tuna mini. Kwana 4 a rufe. Yanzu asusu na ke da shi daban, kullum dala 100 kafin in taɓa komi, na rami ne.

Sai maganar masu shiga kyauta. Kawu ya ce mini "ɗana, kar ka hana tsoho da almajiri", kuma da gaskiyarsa, in ka kore su bayan katangarka za su tsuguna, kai ne da wari kai ne da kwasa. Amma ɗan kasuwar da zai miƙo maka jika 5 don fitsarin dala 5 ya ce ba shi da canji, wannan na gane shi. Littafi na buɗe musu, duk Alhamis da la'asar in bi rumfa rumfa in karɓa, wani har da cewa wai ni ma na zama ɗan haraji.

Babur ɗin dai har yanzu ban saya ba. Tankin ruwa na lita 1000 na saya bara, na hannu, yana ɗan yoyo ta gindi.